Wuƙar Mafarauci Ba Ta Naɗewa

Mu masu koyon rubutu mun cika damƙa wa mafarauci ƙatuwar wuƙa mai naɗewa, irin ta finafinan Amurka. Kuskure ne. Tun kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya iso Kadawa, wuƙar maƙera mafarautan Kura da Bunkure suke ratayawa, cikin kuben da baduku ya ɗinka. Mai naɗewa a mahaɗa rauninta yake: jini da yashi su cushe ta, ana tsakiyar fiɗa ta rufe a kan yatsa. Da noman rani ya ci daji, lauje ya karɓi fage a gonakin shinkafa da alkama. Ƙaramar mai naɗewa ce kawai ta samu gurbi a aljihu, don feraye rake da yanke igiyar buhu.