Gidan rediyon BBC a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, ya ɓarke a watan Satumba na 1939, gidan rediyon BBC na Landan bai daɗe da fara watsa shirye-shirye cikin harsunan waje ba. Da Larabci aka fara a Janairun 1938, sannan Faransanci, Jamusanci da Italiyanci suka biyo baya a Satumbar wannan shekara. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945, harsunan sun haura 40.

Ranar 18 ga Yuni 1940, kwana huɗu bayan sojojin Jamus sun shiga Paris, Janar Charles de Gaulle ya yi jawabi ta BBC, ya kira Faransawa da kada su miƙa wuya. Mutane ƙalilan ne suka ji shi a wannan daren, ba a ma naɗi jawabin ba. Amma daga nan sashen Faransanci, da aka fi sani da Radio Londres, ya zama muryar masu turjiya har zuwa 1944.

Kiran ya samu amsa a Afirka. Ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya mara wa de Gaulle baya, washegari Kamaru ta bi sahu. Nijar kuwa ta ci gaba da zama ƙarƙashin gwamnatin Vichy, mai ɗasawa da Jamus, har zuwa ƙarshen 1942.

Ban da labarai, tashar kan karanta wasu gajerun jimloli da ba su da ma'ana ga mai saurare, alhali umarni ne na sirri ga ƴan turjiya. Da irinsu aka sanar da su cewa saukar sojojin ƙawance a Normandi, ranar 6 ga Yuni 1944, ta kusa.

Sauraren tashar kasada ne. A Jamus doka ta tanadi ɗauri ga wanda aka kama yana jin rediyon waje, mai yaɗa abin da ya ji kuma yana iya fuskantar kisa. Su ma ma'aikatan ba su tsira ba: ranar 15 ga Oktoba 1940 bam ya tashi a hedkwatar BBC, ya kashe mutum bakwai, amma mai karanta labarai bai dakata ba.

Gwamnatin Birtaniya na tace abin da ake watsawa, musamman sirrin soja. Duk da haka BBC kan faɗi rashin nasara idan an yi shi, kamar faɗuwar Singafo a 1942. Wannan ya sa da nasara ta zo, masu saurare suka gaskata labarin.

Sashen Hausa bai wanzu a lokacin ba. An buɗe shi ne a watan Maris na 1957, shekara 12 bayan yaƙin.