Daga Kibiya Zuwa Raifal: Yadda Maharban Ƙasarmu Suke Zaɓen Makami

Duk ɗan Hunkuyi da ya tashi a Kaduna ko Legas ko Abuja, idan ya zo gida da Sallah, abin da yake gani a hanya shi ne gonakin rake da na masara, tun daga Zariya har Kudan da Maƙarfi da Ikara. Da wuya ya yarda cewa wannan ƙasa ta taɓa zama dawa, har ana naɗa Sarkin Baka domin ya shugabanci masu shiga cikinta. Wannan maƙala za ta waiwayi fanni guda na ilmin waɗancan mutane, wato yadda suke auna makami da girman dabbar da suka fita nema.

Tun kafin zuwan bindiga, maharbi ya san cewa namun daji hawa-hawa ne. Zomo da gada da barewa aikin farautar rani ne, ta karnuka da gora. Gwanki da ɓauna da giwa kuwa sai gwanaye. Kibiya ba ta da nauyin da za ta karya ƙashin ɓauna, saboda haka ƙarfinta yana cikin dafin da aka shafa mata, wanda ake dafawa da 'ya'yan ƙwanƙwani, tsiron da ke tsayar da bugun zuciya. Maharbi zai yi harbi, ya bi sawu cikin haƙuri har dafi ya gama aikinsa, sannan ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar.

Bindiga ta shigo ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu: daga Tarabulus ta hamada, da kuma daga bakin teku ta ƙasar Yarbawa da Nupe. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce adaka, mai dogon bututu, da ake ɗura wa albarushi ta baki. A ƙarshen ƙarni na 19 sarakunan Zazzau, musamman Yero da ɗansa Kwasau, sun tara rundunar 'yan bindiga. Amma yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Burasal a 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu irin ta ɗuri kawai. Wannan ne ya sa bayan Turawa sun kama Zariya a 1902, adaka ta ci gaba da zama makamin talaka, maƙeranmu kuma suka ƙware wajen ƙera ta.

Mai adaka ba ya sayen harsashi shiryayye, shi ne yake haɗa abinsa. Yakan auna ɗuri da yatsu, ta duba tsawon abin da ya rage a waje na sandar da yake danna albarushi da ita. Idan tsuntsu ko ƙaramar dabba ake nema, sai a zuba ƙananan gutsattsarin ƙarfe masu watsuwa. Idan babba ce, sai a ƙara albarushi, a sa curi guda mai nauyi. A nan haɗarin yake. Ɗuri ya yi kaɗan, dabba ta tsere da rauni. Ya yi yawa, bututu ya fashe a hannun mai shi. Ga shi kuma harbi ɗaya ne, kafin a sake ɗurawa ɓauna ta iso. Ba banza ba aka yi wa irin wannan bindiga laƙabi da harba-ka-ruga.

Game da giwa, Hausawa sun ɓullo da dabara tasu: sango. Wani gajeren mashi ne mai kaifi da ake shafe da dafi, a zura shi a bakin adaka, albarushi ya tura shi. Ta haka aka haɗa ƙarfin bindiga da ilmin kibiya. 'Yan sango sun bi giwa har Adamawa da ƙasar Kamaru ta yau, haurenta kuma ya bi ayari ta Kano zuwa Tarabulus.

Turawan da suka zo Afirka farauta su ma wannan tambaya suka tarar, sai dai su da lamba suke amsa ta. Lambar da ake kiran raifal da ita faɗin harsashinta ne. Bindigar sojan Ingila, mai lamba .303, ta isa gwanki, amma ga ɓauna da giwa ana ganin ta yi ƙaranci. Don haka wani maƙeri a Balin, Otto Bock, ya fito da harsashi 9.3x62 a 1905. Kamfanin Rigby na Landan ya fito da .416 a 1911, sai Holland & Holland suka biyo da .375 a 1912, mai faɗin kusan milimita 9.5. Wannan na ƙarshe shi ne ƙasashe da dama na Afirka suka ɗauka a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari dabba mai haɗari da shi. Duk da haka wani Bature mai suna Bell ya kashe giwaye kimanin 1,000, akasarinsu da ƙaramin harsashi mai milimita 7, saboda ya san daidai inda ƙwaƙwalwar giwa take. Ashe abin da maharbinmu ya riƙe shi ne gaskiya: daidai ruwa daidai tsaki, kuma sanin makasa ya fi girman makami. Dabbar da aka raunata aka bari, ita ce ke kashe manomi ko mai itace washegari, kuma abin kunya ce ga wanda ya harbe ta.

Daga baya doka ta shigo. Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku, ta yi tanadin lasisi har ga mai bindigar ɗuri. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta kare wasu dabbobi, dokar soja ta 1985 kuma ta ƙara tsanantawa a kan waɗanda ke gab da ƙarewa. An keɓe Yankari a 1956, aka keɓe Falgore da ke gabas da Ikara. Sauran dawa kuwa garma da gatari sun cinye shi.

Yau babu ɓaunar da za a auna wa ɗuri a ƙasar Kudan. Abin da ya rage shi ne tsofaffin adaka a rataye a zaure, da kwari da baka a bayan rumbu, da 'yan dattawan da suka san sunan kowane makami da kirarinsa. Muna kira ga wannan ƙungiya da ta tura matasanmu masu ilmi su zauna da gidajen maharba da na maƙera, su ɗauki muryoyinsu, su rubuta abin da suka ji, a ajiye shi a Hunkuyi inda 'ya'yanmu za su same shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci garinmu, amin.