Faifan da ya yi shekara shida ba fuska

A 2008 wani matashi Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar. Ya haɗa jita da salon waƙoƙin fina-finan Hausa, har da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa. Faifan bai fito kasuwa ba. Daga waya zuwa waya ya riƙa yawo ta Bluetooth da katin memori, irin yadda muke karɓar waƙa wajen masu turi a kasuwar Jega ko bakin jami'a a Aliero.

A aikina na rubuta manhaja na gane abin da wannan hanya ta cinye. Fayil ɗin MP3 yana da gurbin ajiye hoto, amma mai turi ba ruwansa da shi. Sau da yawa ko sunan mawaƙin ba ya tsira. Kaset ɗin da iyayenmu ke saurare a Maiyama ya fi mu gata, domin aƙalla akwai hoton mai waƙar a kwalinsa.

Sai a 2014 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da Anar da bango. Da Mdou ya koma kiɗan rok sosai a Ilana, a 2019, Robert Beatty ne ya zana bangon, wanda ya yi wa Tame Impala zanen Currents a 2015. Tsuntsu ya zana, kuma tsuntsun ya sake fitowa a Afrique Victime a 2021.