Iri Daban, Hatsin Tuwo Daban: Tarihin Ajiya a Sana'ar Tace Fim

Kafin zuwan kwamfuta, mai tace fim ba ya taɓa ainihin abin da kyamara ta ɗauka. Negetif yana can kulle a ɗakin ajiya, shi kuwa kwafi ake buga masa, ya yi ta yanka da liƙi a kan na'ura irin Moviola, wadda ta fito a 1924. In ya ɓata kwafin, sai a buga masa wani. Sai an gama yanke shawara a kan kowane gutsure sannan a fito da negetif a yanka shi daidai da na gwajin. Kamar yadda manomi ba ya haɗa iri da hatsin tuwo a buhu ɗaya, haka sana'ar ta raba abin aiki da abin ajiya. A ganina, tun da kayan aiki suka daina tilasta wannan rabuwa, har sai mutum ya tuna da ita da kansa, fina-finai suka shiga hatsarin da ba su taɓa shiga ba.

Ba wai da can komai lafiya ba ne. Tsohon fim na naitiret abin ƙonewa ne, kuma gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Fox a New Jersey cikin 1937 ta cinye yawancin fina-finansa na zamanin da babu murya. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka na wancan zamani sun salwanta. Duk da haka negetif yana da haƙuri. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka tsinci negetif ɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Shekara 40 a ajiye ba tare da kulawar kirki ba, amma hoton yana nan. Faifan kwamfuta da aka jefa a durowa aka manta ba shi da wannan juriya.

Tef ɗin bidiyo, da kamfanin Ampex ya kawo a 1956, shi ya shigo da wata sabuwar jarabawa, wato gogewa. Yana da tsada, kuma ana iya sake ɗauka a kansa, saboda haka gidajen talabijin suka riƙa share tsofaffin shirye-shirye. BBC ta yi haka tsakanin shekarun 1960 da 1970, har yau sama da shirye-shirye 90 daga jerin shirin Doctor Who ba a san inda suke ba. Hukumar NASA ma ta amince a 2009 cewa tef ɗin asali na saukar ɗan Adam a duniyar wata, bisa dukkan alamu, an goge shi an sake amfani da shi. Waɗannan ba gobara ce ta ci su ba, lissafin rage kashe kuɗi ne.

Da faifai ya shigo ɗakin tacewa, farko ɗan aike ne kawai. Na'urar Avid ta 1989 dusasshen kwafi take riƙewa, masta kuwa, wato ainihin hoton, tana kan tef. Ko a zamanin kaset ɗin DV, lokacin da awa guda ke cin kamar gigabait 13, edita ya loda ya gama, kaset yana nan a kan kanta. Masana'antar Kano, da ta taso a kan kaset tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, ta rayu da wannan kariya ba tare da ta biya mata ko sisi ba. Katin kyamara ne ya kawar da ita: a ɗauka, a juye a faifai, a goge katin saboda aikin gobe. Daga wannan lokacin faifan edita ya zama negetif kuma teburin aiki a lokaci guda. Ga nauyi ya ƙaru, domin awa guda ta hoto mai tsabtar HD a tsarin ProRes mai inganci tana kai kimanin gigabait 100.

Wani zai ce ai an warware wannan tun 1988, lokacin da Patterson da Gibson da Katz na jami'ar Berkeley suka bayyana tsarin RAID, inda ake haɗa faifai da yawa su yi aiki tare. Tsarin yana da amfani sosai, yana ba da saurin da hoto mai nauyi ke buƙata, kuma yawancin nau'o'insa suna jure mutuwar faifai ɗaya. Sai dai nau'in da ya fi sauri, RAID 0, in faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. Sauran kuma ba sa tare kuskuren hannu, ko ɓarawo, ko wuta mai ƙarfi da ta dawo bagatatan ta ƙone akwatin baki ɗaya. A 1998 umarni guda da aka buga bisa kuskure ya share galibin fayilolin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, aka koma wa kwafin ajiya aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai. Abin da ya cece su kwamfutar wata ma'aikaciya ce da ke aiki daga gida saboda jego. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba zato ne kawai.

Ƙorafi mafi ƙarfi a kan raba abin aiki da abin ajiya shi ne na kuɗi, kuma yana da gaskiyarsa. Rahoton da cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta fitar a 2007 ya ƙiyasta cewa adana masta ta dijital ya ninka adana ta fim kusan sau 11. Furodusan da ke neman kuɗin sallamar 'yan wasa zai ce fim ɗinsa yana YouTube, ya wadatar. Amma abin da ke can matsattsen kwafi ne, ba a iya sake tace shi ko raba murya da kiɗa don a fassara shi, kuma shafin da aka rufe ya tafi da kayansa. Ƙa'idar da masu sana'ar suka tsaya a kai, kwafi uku a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini dabam, ba ta buƙatar arzikin Pixar. Manyan kamfanoni sun koma wa tef ɗin LTO, wanda ya fara da gigabait 100 a 2000 ya kai terabait 18 a 2021. Ƙaramin ofis kuwa zai iya farawa da faifai biyu na waje, a cika su kafin a goge kati, a kai ɗaya gida, a riƙa kunna su ana dubawa, a juye su a sababbi bayan 'yan shekaru.