Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani: Wa Za a Yi wa Hisabi?

Manomin Rijiyar Zaki da ya tsaya a bakin kyamis bayan Magariba, ya ce a ƙirga masa kafso ja-da-yalo guda huɗu domin iyakar ƙarfin aljihunsa ke nan, alhali ƙa'idar maganin ta kwanaki ce a jere, ba shi ne ya cancanci zargi ba, ko da yake ta irin wannan shan rabi-da-rabi ne ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani har su bijire masa. Asibiti layi ne, gwaji kuma sai da kuɗi.

Al'amarin ya girmama. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne wannan bijirewa ta halaka a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jigata. Nazarin jarirai da aka yi har da Asibitin Murtala na Kano ya nuna yadda ampisilin da jentamaisin suke gazawa a gaban cutar jini.

Hukuma ba ta yi shiru ba, gaskiya. Nijeriya ta tsara shiri na 2017 zuwa 2022 ƙarƙashin hukumar NCDC, ta sake wani na 2024 zuwa 2028, sannan a 2024 NAFDAC da Majalisar Harhaɗa Magunguna suka rufe shagunan magani na Sabon Gari domin dillalai su koma cibiyar sari ta Dangwauro. Wannan ya gyara sari. Amma mai talla da kwandonsa a kai, da mai kaji da ke zuba kafso a ruwan tsaki kullum, har yanzu ba mai tambayarsu.

A nan nake ganin illar: magabata da suka rubuta kan hisba sun ɗora amanar kasuwa a wuyan muhtasibi guda, sananne, wanda in masu magani suka yi algus shi sarki zai tuhuma, shirye-shiryenmu kuwa sun rarraba alhaki tsakanin ma'aikatun lafiya da noma da muhalli, har ya zamana in wa'adi ya cika ba a cim ma komai ba, babu wanda za a kira da sunansa. Wajibi ne Majalisar Dokokin Kano ta riƙa kiran Kwamishinan Lafiya duk shekara, ya bayyana ɗakunan gwaji nawa ke aiki a ƙananan hukumomi irin Ungogo, da nawa aka ware musu, da nawa ya isa hannunsu.