Libreville: Tarihin Babban Birnin Gabon da Kewayensa

Libreville shi ne babban birnin ƙasar Gabon, kuma babu garin da ya kama ƙafarsa wajen yawan jama'a a duk faɗin ƙasar. Yana zaune a gaɓar arewa ta wani faffaɗan mashigi, inda kogin Komo ke zuba ruwansa cikin Tekun Atilantika, tazara kaɗan arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ƙidayar 2013 ta nuna mazaunansa sun haura 700,000, alhali duka mutanen ƙasar a lokacin ba su cika miliyan biyu ba. Wato a cikin kowane mutum biyar na Gabon, kusan biyu a nan suke kwana. Ruwan da ke sauka a birnin a shekara ya ninka na Kano kamar sau uku, kuma raninsu yana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa.

Tun kafin Bature ya san da wurin, mutanen Mpongwe ne ke zaune a gaɓoɓin mashigin, cikin ƙauyuka da kowanne ke da sarkinsa. Matuƙan jiragen Fotugal sun iso wajen 1472, kuma daga sunan da suka laƙaba wa mashigin ne ƙasar ta samo sunanta. Ƙarnuka uku da suka biyo baya Mpongwe sun zama dillalai tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin daji. Hauren giwa da katako da kakin zuma suna fita ta hannunsu, bindiga da yadi da giya suna shigowa. Bayi ma suna cikin hajar, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba, domin a kansa tarihin birnin ya ginu.

A watan Fabrairun 1839 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Édouard Bouët-Willaumez, ya ƙulla yarjejeniya da sarkin gaɓar kudu, Rapontchombo, wanda Turawa ke kira Sarki Denis. A 1842 aka yi irinta da Sarki Louis na gaɓar arewa, shekara ta zagayo Faransawa suka kafa sansanin soja mai suna Fort d'Aumale. Dalilin da suka bayar shi ne tsare teku daga masu fataucin bayi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce: Ingila ta riga ta kafa ƙafa a gaɓar Afirka ta Yamma, Faransa kuwa tana neman nata masaukin. Sarakunan sun sa hannu ne a kan ciniki da kariya, ba su san ƙasar ce za ta suɓuce ba. 'Yan mishan ma ba su yi jinkiri ba. Amurkawa sun buɗe tasharsu a Baraka a 1842, 'yan Katolika na Faransa suka biyo baya da ta Sainte-Marie a 1844.

Asalin garin kansa yana da alaƙa da wani jirgin bayi mai suna Elizia, wanda sojojin ruwan Faransa suka kama a 1846. An fara kai mutanen da aka ceto Sanagal, daga baya a 1849 aka dawo da wasu 'yan gomomi daga cikinsu, aka ba su fili kusa da sansanin soja. Sunan da aka sa wa wurin, Libreville, ma'anarsa garin 'yantattu, kwaikwayo ne na Freetown da Ingilishi suka kafa a Saliyo. Waɗannan bayin Allah ba 'yan wurin ba ne, ba su da dangi a cikinsa, ba su da gonar gado. Ya dace a riƙa tunawa da su, domin su ne tubalin farko na birnin da har yau baƙi ke ɗauke da kaso mai tsoka na aikinsa.

Daga 1888 zuwa 1904 Libreville ne hedikwatar abin da ake kira Kwango ta Faransa, kafin a mayar da mulkin Brazzaville. Daga nan garin ya koma ƙaramar tashar fitar da katako, musamman icen okume da ake yin falanki da shi. A wannan zamanin ne kuma Faransa ta mayar da Gabon wurin jefa waɗanda suka gagare ta a Afirka ta Yamma. Shehu Ahmadu Bamba na Sanagal, wanda ya kafa ɗarikar Muridiyya, ya yi zaman ɗaurin talala a ƙasar daga 1895 zuwa 1902. Samori Ture, da ya shafe shekaru yana gwabzawa da Faransawa, an kawo shi bayan kama shi a 1898, ya rasu a Ndjolé a 1900. Musulunci ya shigo ne ta hannun sojoji da ma'aikatan jirgi 'yan Sanagal, da kuma fatake Hausawa da suka gangaro ta Kamaru daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Jikokinsu suna nan a garuruwan arewa irin su Bitam da Oyem, wasu kuma sun sauko babban birni, 'yan ƙasa ne haifaffu.

A Nuwamban 1940 an gwabza a Libreville tsakanin ɓangarorin Faransawa biyu: magoya bayan Janar de Gaulle suka ƙwace garin daga hannun masu biyayya ga gwamnatin Faransa ta Vichy. Gabon ta sami 'yancin kai ranar 17 ga Agusta 1960, Léon Mba, tsohon magajin garin Libreville, ya zama shugaban ƙasa na farko. Mutanen birnin a lokacin ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba. A Fabrairun 1964 sojoji suka kifar da shi, amma cikin kwana biyu dakarun Faransa suka sauka suka mayar da shi kan kujera. Da ya rasu a 1967, mataimakinsa Albert-Bernard Bongo ya gaje shi.

Mai karatu ɗan Nijeriya zai so sanin cewa birnin ya taka rawa a yaƙin basasarmu. A Mayun 1968 Gabon ta shiga sahun ƙasashen Afirka huɗu da suka amince da Biyafara, filin jirgin Libreville ya zama ɗaya daga wuraren da jirage ke tashi da dare zuwa yankin 'yan tawaye, wasu da kayan agaji, wasu da makamai. An kuma kwaso dubban yara da yunwa ta galabaita zuwa Gabon, aka mayar da su gida bayan an ajiye makamai a 1970.

Man fetur ne ya canza kamannin garin, ko da yake ba a nan ake haƙo shi ba, a yankin Port-Gentil ne. Da farashi ya yi tashin gwauron zabi a 1973, kuɗi suka kwararo babban birni. A shekarar ce Bongo ya musulunta ya zama Alhaji Umar Bongo; Gabon ta shiga ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1974, ta shiga OPEC a 1975. Domin taron ƙungiyar haɗin kan Afirka na 1977 aka shimfiɗa manyan tituna, aka gina otal-otal da fadar shugaban ƙasa ta bakin teku. An gina tashar jiragen ruwa a Owendo, daga can aka ja layin dogo mai kusan kilomita 670 zuwa Franceville, aka kammala shi a 1986, yana sauko da katako da ma'adinin manganis. Masallacin Hassan II, kyautar Maroko, ya tashi a 1983 kusa da fadar. Sai dai arzikin bai ratsa ko'ina ba. Wanda ya bar titin bakin teku ya shiga unguwannin da ke kan tuddai da kwazazzabai zai ga gidajen katako da kwano da ambaliya ke shiga duk damina, kuma wannan abin takaici ne a ƙasa mai ɗimbin dukiya da ƙarancin jama'a.

Ayyukan gini da ciniki sun jawo mutane daga Mali da Sanagal da Benin da Togo da Nijeriya da Nijar da Kamaru. Ba kullum zaman ya yi musu daɗi ba: a 1978 an kori dubban 'yan Benin bayan saɓani tsakanin shugabannin ƙasashen biyu, a 1995 kuma aka tilasta wa marasa takardar zama barin ƙasar. Duk da haka, babbar kasuwar Mont-Bouët, mai ɗauke da sunan hafsan nan na 1839, cike take da harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa.

Sunayen unguwanni ma tarihi ne. Louis da Glass sunayen sarakunan Mpongwe ne, cocin Baraka tana nan inda aka kafa ta. A Nkembo akwai cocin Saint-Michel mai ginshiƙan katako 31 da aka sassaƙa da hannu, gidan tarihi na ƙasa kuma yana ajiye da sassaƙe-sassaƙen ƙabilun Fang da Punu da Kota, irin waɗanda suka yi suna a gidajen tarihin Turai.

A tsallaken mashigin, tafiyar kusan rabin awa a jirgin ruwa mai inji, akwai Pointe Denis, ƙasar Sarki Denis, wanda ya rasu a 1876. Yanzu wurin shaƙatawar mutanen birni ne a ƙarshen mako. Daga nan gandun dajin Pongara ya fara, inda daji da fako da farin rairayi suka haɗu, kuma manya-manyan kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Arewa maso gabas da birnin akwai gandun Akanda, mai itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri, masaukin tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai. Su biyun suna cikin gandaye 13 da aka ayyana a 2002. Hanyar Cap Estérias tana ratsa dajin Mondah, wanda wani sashensa ke ɗauke da sunan André Raponda-Walker, limamin Katolika na farko ɗan Gabon, da ya yi rubuce-rubuce kan harsuna da tsirran ƙasar.

Masu son ƙwallo sun san birnin ta wata fuska. Ranar 27 ga Afrilu 1993 jirgin da ke ɗauke da 'yan wasan Zambiya ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Libreville, mutum 30 suka rasu. A Fabrairun 2012, a filin wasa na Angondjé, Zambiya ta doke Kwaddibuwa a bugun fenariti ta ɗauki kofin Afirka karo na farko.

Umar Bongo ya rasu a 2009, ɗansa Ali ya gaje shi, har sojoji suka sauke shi ranar 30 ga Agusta 2023 ƙarƙashin Janar Brice Oligui Nguema, wanda ya lashe zaɓe a Afrilun 2025. Gabon ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka duk mai niyyar zuwa Libreville daga Nijeriya ko Nijar, ya tanadi biza da katin rigakafin shawara, kada ya biye wa masu ɗibar mutane a kwale-kwale ta teku, domin an sha rasa rayuka a wannan hanyar.