Nomandi ko Furobans: A Ina Za Mu Nemi Mazajenmu?

Duk shekara idan 6 ga Yuni ta zagayo, aka hallara a gaɓar Nomandi ta Faransa, sai wata magana ta sake tasowa a rubuce-rubucen wasu 'yan'uwanmu masana: wai sojojin Afirka na cikin waɗanda suka afka wa wannan gaɓa a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa ne suka share sunayensu. Niyyarsu mai kyau ce. Sai dai a ganina ƙorafi ne na gaskiya aka ɗora shi a inda ba muhallinsa ba.

Labarin ranar sananne ne: sojoji wajen 156,000, akasarinsu na Amurka da Birtaniya da Kanada, da mamata 4,414 da aka tabbatar a ɓangaren ƙawance. Rundunar Faransa da ta sauka daga teku a ranar mutum 177 ce kacal, ƙarƙashin Philippe Kieffer. Sojojin da Faransa ta kwaso daga ƙasashen da take mulka suna can kudu, a Italiya da Kosika da Arewacin Afirka. Na Najeriya kuwa Bama aka nufa da su.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu wancan ra'ayi ita ce rundunar Janar Leclerc. Suna cewa ai daga Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, ta samo asali, da 'yan Chadi da Kamaru ta ci Kufra a 1941, kuma ta sauka a Nomandi. Duk haka yake. Amma sai 1 ga Agusta ta taka gaɓar Utah ta Nomandi, kusan wata biyu bayan ranar da ake magana. Kuma tun 1943, lokacin da aka mayar da ita rundunar tankoki da kayan yaƙin Amurka, aka tsame baƙaƙen sojojinta. Ashe hujjar tasu ce ma ke rusa da'awar. Abin da aka yi wa mutanen nan, in ban yi kuskure ba, ya fi share suna daga littafi ciwo, domin tun kafin a hau jirgi aka ce su koma gefe. Idan kuma aka kawo bataliya ta 320 ta baƙaƙen Amurka, waɗanda suka sauka ranar 6 ga Yuni da balan-balan na tare jiragen sama, sai mu ce sun cancanci a tuna da su, amma labarinsu na wariyar launin fata a sojan Amurka ne.

Gaɓar da ta shafe mu tana kudancin Faransa, a Furobans, inda aka fara sauka ranar 15 ga Agusta 1944. Rundunar Janar de Lattre de Tassigny, wadda ta kai kimanin mutum 250,000, mafi yawanta daga Afirka aka kwaso ta: Aljeriya, Maroko, Tunisiya, sai waɗanda ake jingina wa Senegal alhali daga duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa aka ɗebo su, har da Nijar (Echenberg 1991). Wasunsu sun riga sun ɗanɗana sauka daga teku a tsibirin Elba a watan Yuni. Da su aka ƙwace Tulon, kuma zuwa 28 ga Agusta Marsai ma ta faɗo.

A nan dole in rage murya. Amurkawa ne suka fi yawa a saukar ranar farko, akasarin sojojin de Lattre washegari suka fara taka ƙasa, kuma Furobans ba ta kai Nomandi girma ko asarar rai ba. Abin da hujja ta yarje mini in faɗa shi ne: jinin 'yan Afirka ta Yamma ya zuba a nan, kaburburansu na nan. A maƙabartar sojoji ta Boulouris, wadda shugaban Faransa de Gaulle ya buɗe a 1964, akwai kabari 464, gicciye na jere da duwatsun Musulmi masu jinjirin wata da tauraro.

Waɗanda suka rayu ma ba su tsira ba. Da sanyi ya kawo jiki a ƙarshen 1944, aka janye dubban baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka ce ba su jure hunturu. Suka tuɓe kwalkwali da riga, suka miƙa bindiga ga samarin Faransa, aka kai su sansani a kudu. Daga 1959 kuma aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin, hauhawar farashi ta cinye shi. Sai a 2019 Shugaba Macron ya roƙi magadan gari su sa sunayen sojojin Afirka a tituna.

Wanda ya nace sai an ba shi kujera a Nomandi, da jerin rundunonin ranar kawai za a rufe masa baki, ƙorafin gaskiyar ya bi ruwa. Kirana ga abokan aiki a sassan tarihi na Yamai da Damagaram da Kano shi ne su tura ɗalibai gidajen tsofaffin sojoji, su ɗauki hoton littafin aikin soja da lambobin yabo da ke cikin akwatunan jikoki, kafin gara ta riga mu.